Yini Guda a Bahar Maliya: Yadda Rana ke Jagorantar Jirgi Tsakanin Duwatsun Murjani

Gabatarwa

Mutumin ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ba baƙon ruwa ba ne. Gulbin Zamfara da Gulbin Ka sun ratsa ƙasar, kuma da zarar damina ta yi nisa, akwai garuruwan da ba a isa gonakinsu ko kasuwanninsu sai an shiga kwalekwale. Teku ce dai ta yi mana nisa. To amma duk da nisan nata, akwai wata teku guda wadda kakanninmu suka sani ƙwarai, domin kuwa kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, duk wanda ya nufi Makka ta ƙasa sai ya tsaya a bakinta. Wannan ita ce Bahar Maliya.

Maniyyata kan tashi daga ƙasar Hausa su bi ta Borno da Wadai da Darfur har su isa Al-Ubayyid, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso wajen shekarar 1912. Daga nan sai Hartum, sa'an nan Sawakin, tsohon garin da aka gina a kan tsibiri da dutsen murjani. Tsakanin Sawakin da Jidda akwai ruwa na kilomita fiye da 300, kuma da yawa daga cikin talakawan maniyyata sun ƙetare shi ne a cikin jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda Larabawa ke kira sambuk. A zamanin baya-bayan nan kuma, masu yawon buɗe ido sun riƙa bin gaɓar Sudan a ƙananan jiragen shaƙatawa da Turawa ke kira yot, kodayake yaƙin da ya ɓarke a ƙasar cikin Afrilu 2023, da hare-haren da aka fara kai wa jirage a kudancin tekun a ƙarshen shekarar, sun sa da yawa sun ƙaurace wa hanyar.

Tsofaffin matuƙan da ke bin gaɓa da kuma na zamani sun yi tarayya a kan al'ada guda: tafiya da rana, tsayawa kafin dare. A wannan maƙala za mu bi ƙaramin jirgi mai tsawon mita 12 a tafiyar yini guda, daga Bur Sudan zuwa wani lungun ruwa mai suna Marsa Fijab da ke arewa da ita, domin mu ga dalilan kimiyya da suka haifar da wannan al'ada. Mai karatu zai ga cewa rana ce ke riƙe da akalar tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Ita ke ƙara wa iska ƙarfi, ita ke nuna inda dutse yake, kuma ita ke yanke wa matuƙi wa'adi.

Fagen tafiyar

Bahar Maliya tsaga ce da ta buɗe tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa. Tsawonta ya kai kilomita 2,250, faɗinta kuma bai wuce kilomita 355 ba a inda ta fi buɗewa. A tsakiyarta akwai wuraren da zurfinsu ya haura mita 2,500. Babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba a cikinta, ga kuma zafin da ke ƙafar da ruwa, saboda haka gishirinta ya kai kimanin giram 40 a kowane kilo na ruwa, alhali sauran tekuna suna da kimanin giram 35. Rashin koguna ya sa babu laka, don haka ruwan garau yake.

Ruwa mai ɗumi, mai tsabta, wanda hasken rana ke ratsawa, shi ne mazaunin murjani. Murjanin da ake magana a nan ɗan'uwan wanda mata ke ado da shi ne, sai dai irinsu ba ɗaya ba. Wata 'yar ƙaramar halitta ce mai taushin jiki wadda ke gina wa kanta gida da farin dutse. A cikin jikinta akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke haɗa mata abinci da hasken rana, shi ya sa ba ta yin nisa da saman ruwa, kuma ba ta gini a ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salsiyas. Idan wasu suka mutu sai wasu su ɗora gini a kan gidajensu. Dunƙulallen murjani kan ƙaru da kimanin santimita 1 a shekara, amma cikin dubban shekaru sai ga ganuwa ta dutse a cikin teku, wadda kanta ke daf da saman ruwa.

A gaɓar Sudan ganuwar iri biyu ce. Akwai wadda ta manne da gaɓa, akwai kuma jerin duwatsu da ƙananan tsibirai can cikin teku. Tsakanin biyun akwai hanya mai zurfi, ita ƙananan jirage ke bi, domin duwatsun waje suna karya ƙarfin raƙuman ruwa. Daga cikin duwatsun wajen akwai Sanganeb, mai siffar zobe, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, inda aka gina doguwar hasumiyar fitila. Hukumar UNESCO ta sanya shi, tare da Dungunab da tsibirin Mukawwar, cikin wuraren gadon duniya a 2016. Gaba kaɗan akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutane suka zauna ciki kimanin wata guda.

Wurin kwana shi ne marsa. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ta ja baya da mita kusan 120, sai rafukan da ke gangarowa daga duwatsun gaɓa suka haƙa kwazazzabai. Da ruwa ya dawo sai ya cika su. Da yake murjani ba ya son ruwan daɗi da laka, sai bakin kowane kwazazzabo ya zama ƙofa a jikin ganuwar. Cikin marsa ruwa kwance yake, amma ƙofarta ƙunci gare ta, ga dutse dama da hagu.

Kafin a kwance igiya

Aikin farko na matuƙi shi ne lissafin kaya. Tun fiye da shekara 2,200 da suka wuce masanin Girka Arkimidas ya gano cewa ruwa yana tallabar duk abin da aka sa cikinsa da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita 1,000 ta ruwan daɗi nauyinta kilo 1,000 ne, ta ruwan teku kuwa kimanin kilo 1,025. Ke nan jirgi ɗaya da kaya ɗaya ya fi nitsewa a gulbi bisa ga teku. Wannan ne ya sa layin lodi da ake zanawa a jikin manyan jirage, wanda dokar Ingila ta 1876 ta wajabta bayan fafutukar Samuel Plimsoll, daga baya aka raba shi, aka yi layin ruwan daɗi daban, na ruwan gishiri daban.

Ƙetare wannan layi ba ya jiran hadari kafin ya yi ɓarna. Cikin Yuni 2022 wani jirgi ya nitse a tashar Sawakin ɗauke da tumaki kimanin 15,800, alhali ƙarfinsa bai wuce 9,000 ba. Ko fita daga tashar bai yi ba.

Bayan yawan kaya, sai inda aka ajiye su. Jirgin yot yana da wani faffaɗan allo na ƙarfe ko darma a ƙarƙashin cikinsa, wanda ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin ko ya fi. Duk lokacin da iska ta karkatar da jirgin, nauyin allon sai ya maido da shi tsaye. Don haka matuƙi kan ajiye ruwan sha da man inji da sarƙa a can ƙasa, ya ɗaure duk abin da zai iya gangarawa gefe guda.

Sai lissafin lokaci. A teku ana auna nisa da mil na teku, wanda ya yi daidai da mita 1,852. Daga Bur Sudan zuwa Marsa Fijab kimanin mil 25 ne. Jirgi irin namu yana cin mil 5 a awa ba tare da wahala ba, wato tafiyar awa 5 ke nan idan hanya miƙaƙƙa ce. A watan Disamba rana kan fito a can wajen ƙarfe 6, ta faɗi wajen ƙarfe 5. Wanda bai san ruwan ba zai ce akwai rarar awa 6. Nan gaba za mu ga yadda wannan rara ke narkewa.

Asuba da hantsi: daga ina iskar take?

A arewacin Bahar Maliya, tun daga wajejen Bur Sudan har zuwa Suwes, iska daga arewa ko arewa maso yamma take busowa kusan duk shekara, domin duwatsun da ke gaɓa biyu sun yi mata kwararo. A kudanci ne take juyawa, ta zo daga kudu maso gabas a watannin sanyi. Saboda haka jirgin da ya nufi arewa gaba da gaba yake da iska.

Sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne a tsawon yini. Domin a ɗaga zafin kilo guda na ruwa da digiri 1, ana bukatar zafi kimanin ninki biyar na abin da kilo guda na busasshen yashi ke bukata. Duk wanda ya taka yashin gulbi da azahar, ya ruga ya tsoma ƙafa a ruwa, ya san haka. Da hantsi sai hamada ta yi zafi, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, iska mai sanyi daga teku ta kwararo ta cike gurbin. Wannan iskar gaɓa takan haɗu da ta arewa, su ƙarfafa juna daga hantsi zuwa la'asar. Da dare ƙasa kan huce kafin ruwa, sai al'amarin ya juya, iska ta lafa, wani lokaci ma wata 'yar sassanya ta taso daga tudu. Shi ya sa matuƙi ke ɗaga ƙugiya da sallamar asuba. Awoyin farko su ne masu araha, kuma in iskar ta kwanta sarai yakan tada inji ya miƙe arewa kai tsaye.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa ƙaruwar iska ke da haɗari. Ƙarfin da take danna zane da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurinta. Idan saurin ya ninka biyu, dannin sai ya ninka huɗu. Idan ya ninka uku, dannin ya ninka tara. Iskar da ta tashi daga mil 10 a awa da safe zuwa mil 20 da azahar ta ɗora wa ginshiƙin jirgi da igiyoyinsa nauyi huɗu ke nan. Maganin abin shi ne a naɗe wani sashe na zanen tun iskar ba ta kai ga haka ba, domin naɗe shi a tsakiyar raƙuman ruwa aiki ne mai wuya.

Yadda jirgi ke tafiya gaba da iska

Mai karatu na iya tambaya, ta yaya abin da iska ke turawa zai nufi inda iskar ta fito? Amsar tana ga siffar zanen. Zanen kama iska, wanda Larabawa ke kira shira'i, ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ciki gare shi kamar fiffiken tsuntsu. Idan aka karkata shi kaɗan ga iska, sai ta bi jikinsa ta lanƙwasa. A bayan zanen matsin iska kan ragu, a cikinsa kuma ya ƙaru, sai bambancin ya haifar da ƙarfi mai jan jirgin. Mafi yawan wannan ƙarfi gefe yake ja, kaɗan ne ke ja gaba. A nan allon ƙasa ke yin aikinsa na biyu: yana tokare ruwa, ya hana jirgin zamewa gefe. Iska ta matsa ta nan, ruwa ya matsa ta can, sai jirgin ya sulluɓe gaba, tamkar ɗan guna mai santsi da aka matsa tsakanin yatsu biyu.

Duk da haka babu jirgin da ke shiga idon iska kai tsaye. Na zamani kan kusance ta da kwanar digiri 45, sambuk kuwa ba ya kai haka. Dole sai an yi tafiyar maciji, a nufi arewa maso gabas, a juyo arewa maso yamma, a sake juyawa. A kwanar digiri 45, kowane mil guda na hanya yana cin mil 1.4. Ke nan mil 25 ya zama 35, awa 5 ta zama 7. Idan kuma raƙuman ruwa suka rage saurin jirgin zuwa mil 4 a awa, tafiyar ta kusa awa 9. Wanda ya tashi ƙarfe 6 zai isa ƙofar marsa ƙarfe 11 idan ya sami lafawar iska, ƙarfe 1 idan ya yi tafiyar maciji, ƙarfe 3 idan ruwa ya yi masa gardama. Bambancin da ke tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 3 shi ne abin da za mu duba yanzu.

Tsakar rana: karatun launin ruwa

A tekuna da yawa ruwa kan cika ya janye sau biyu a yini saboda jan wata da rana, kuma idan ya janye duwatsu kan fito fili. A tsakiyar Bahar Maliya wannan cika da janyewa ƙarami ne ainun, bai taka kara ya karya ba. Dutsen murjani yana nan ɓoye kullum, taki ɗaya ko biyu ƙarƙashin ruwa. Ba a gane shi sai ta launi.

Farin hasken rana haɗin launuka ne, irin waɗanda muke gani a bakan gizo. Ruwa yana shanye ja a 'yan mitocin farko, sa'an nan ruwan ɗorawa da rawaya, ya bar shuɗi ya yi nisa. Saboda haka wuri mai zurfi shuɗi ne mai duhu kamar baban rini. Inda zurfi ya ragu kuma ƙasan farin yashi ne, haske kan dawo sama tun bai rasa launukansa duka ba, sai ruwan ya yi shuɗi mai haske, sa'an nan kore-kore. Inda aka ga ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya, to murjani ne daf da sama, kuma jirgi ba shi da hanya a nan. Akwai kuma ruɗin ido guda: haske kan karye idan ya fito daga ruwa, don haka zurfin mita 4 kan bayyana kamar mita 3 ga mai kallo daga sama.

Wannan karatu yana da sharaɗi. Saman ruwa madubi ne, kuma yawan hasken da yake mayarwa ya dogara ga tsayin rana. Idan tana tsaka, kashi 2 cikin 100 kawai ke komawa, saura duk ya shiga ruwa ya haskaka ƙasa. Idan ta sauko zuwa digiri 30 daga doron ƙasa, kimanin kashi 6 ke komawa. Idan ta kai digiri 10, abin ya kai kashi 35. Wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ba abin da zai gani sai walƙiya kamar an shimfiɗa kwano. Don haka ƙa'idar matuƙa ita ce rana ta kasance a sama kuma a bayan mai kallo. Akan tura mutum ɗaya ya hau ginshiƙi, domin daga sama ido yana ratsa ruwa fiye da daga ƙasa. Akan kuma sa wani irin tabarau mai tace walƙiya, wanda ya samo asali daga aikin Edwin Land na Amurka, aka fara sayar da shi a shekarun 1930. Gajimare yana ɓata karatun, domin inuwarsa kan yi kama da dutse.

Yanzu sai mu dubi taswira. Gaɓar Sudan gabas take kallo, saboda haka mai shiga marsa yamma ya nufa. Da ƙarfe 11 rana tana sama, da ƙarfe 1 ta fara karkata amma ana gani, da ƙarfe 3 na watan Disamba kuwa ta sauko ƙasa da digiri 25, kuma tana gabansa ta hannun hagu. Ga shi a ƙofa mai ƙunci, iska na kan ganiyarta, idonsa kuma ya rufe. Ashe wa'adin matuƙi ba faɗuwar rana ba ne, azahar ce. A gaɓar Hijaz abin juyawa yake yi, domin mai shiga lungu a can gabas ya nufa, ranar yamma tana bayansa.

Shin na'urori ba su wadatar ba?

Jirgin zamani yana da na'urar auna zurfi mai aiki da amsa-kuwwa. Takan aika sauti ƙasa ta jira dawowarsa. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwan teku, don haka idan ya dawo bayan kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa, zurfin mita 30 ne. Matsalar ita ce na'urar ƙarƙashin jirgi take kallo, ganuwar murjani kuwa a tsaye take kamar bango. Tana iya nuna mita 40 alhali dutse yana taku kaɗan a gaba.

Akwai kuma na'urar GPS mai karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam, wadda tun daga Mayu 2000, lokacin da Amurka ta daina rage ingancin saƙon da gangan, take nuna wa farar hula matsayinsu da kuskuren 'yan mitoci. To amma sanin inda kake daban, sanin inda dutse yake daban. Aikin auna Bahar Maliya na farko mai tsari shi ne wanda Robert Moresby da abokan aikinsa suka yi tsakanin 1829 da 1833, da igiya da darma da kallon taurari, kuma wasu sassan gaɓar da manyan jirage ba sa bi sun daɗe ba a sake auna su da kayan zamani ba. Taswirar da ke kan allon kwamfuta ba ta fi awon da aka ɗauko ta daga gare shi inganci ba.

Ko inda taswira take daidai, mai karanta ta na iya kuskure. A ranar 29 ga Nuwamba 2014, jirgin tsere mai suna Vestas Wind, wanda ƙwararru ke tuƙawa a gasar zagaya duniya, ya hau duwatsun Cargados Carajos a tekun Indiya bayan faɗuwar rana. Duwatsun suna cikin taswirar kwamfutar, amma ba sa fitowa sosai sai an matso da hoton kusa. Mutum tara da ke ciki sun tsira, jirgin kuwa ya yi kaca-kaca.

Tsofaffin matuƙa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori. Matafiyin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183 cikin jirgin da aka ɗinke katakansa da igiyar ɓawon kwakwa ba tare da ƙusa ba, kuma ya yaba gwanintar matuƙan wajen ratsa duwatsu. Ahmad bin Majid, shahararren matuƙin ƙarni na 15, ya keɓe sashe guda na littafinsa Kitabul Fawa'id ga wannan teku saboda wuyar sha'aninta. Jarinsu shi ne ido, da haddar alamun gaɓa, da sanin lokacin tsayawa.

Saukar ƙugiya

Idan jirgi ya shiga marsa lafiya, sai a nemi wurin da ƙasansa yashi ne ko laka. Jefa ƙugiya a kan murjani yana kashe ginin shekaru aru-aru, kuma sau da yawa takan maƙale ta ƙi fita. Ƙugiya ba da nauyinta take riƙe jirgi ba, da haƙa ƙasa take riƙewa, kuma ba ta haƙawa sai an ja ta a kwance. Don haka akan saki sarƙa kimanin ninki biyar na zurfin ruwa. A zurfin mita 8, sarƙa mita 40 ke nan. Sa'an nan matuƙi ya lura da alamu biyu a tudu waɗanda suka yi layi ɗaya, ya riƙa duba su don ya gane ko jirgin yana ja da baya. Haka kuma yakan adana hanyar da ya shigo a na'ura da kuma a takarda, domin gobe da asuba gabas zai fita, rana mai fitowa tana idonsa.

Idan kuwa lissafi ya nuna ba za a isa da wuri ba, zaɓi biyu ne. Ko dai a faɗa wata marsa da ke kusa tun rana na sama, ko a fita can tsakiyar teku a kwana ana shawagi nesa da duwatsu. Akwai ranakun da ba a tashi sam, jirgi ya yi kwana uku ko huɗu yana jiran iska ta faɗi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga teku zuwa gulbi

Ruwan gulbinmu da damina ja ne, ba a karanta launinsa. Amma gwanin matuƙin kwalekwale yana karanta fuskarsa. Ya san cewa a kan kwana, ɓangaren waje ne mai zurfi da ƙarfin gudu, ɓangaren ciki kuma nan yashi ke taruwa. Ya san ƙananan tattara a saman ruwa alamar tudun yashi ce, kuma inda ruwa ya rabu biyu ya yi kibiya, akwai kututture a ƙasa. Gorar da yake tokarawa da ita ita ce na'urarsa ta auna zurfi. Duk wannan karatu da haske ake yinsa, shi ya sa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa.

Ƙa'idar Arkimidas ma ba ta canzawa. A ɗauka kwalekwale ya shimfiɗu a kan ruwa da faɗin murabba'in mita 10. Kowane kilo 100 da aka ƙara zai nitsar da shi santimita 1. Mutum 10 masu kilo 60 kowanne santimita 6 ke nan. A ƙara babur biyu da buhunan hatsi biyar, an haura santimita 12. Idan dama tazarar bakin jirgin da ruwa taki guda ce, to rabinta ya tafi. Kwalekwale kuma ba shi da allon ƙasa da zai maido da shi, don haka mutanen da suka miƙe tsaye, ko suka ruga gefe guda don tsoro, sun isa su kifar da shi a ruwan da babu ko iska.

A ranar Asabar 14 ga Satumba 2024, jirgin katako ɗauke da manoma masu zuwa gona ya kife a gulbi kusa da garin Gummi, aka rasa mutane fiye da 40. Da safe abin ya faru, ba da dare ba. Rahotannin lokacin sun nuna cewa ƙarancin jirage ne ke sa a cika su fiye da kima, domin kowa yana son ya isa gona da wuri. Wannan ya nuna cewa gyaran ba na matuƙi kaɗai ba ne. Ƙarin jirage a mashigai aikin hukuma ne. Zana layin lodi da fenti a jikin kowane kwalekwale, a gwada shi da buhunan yashi a gaban sarkin ruwa, abu ne da ƙungiyar matuƙa za ta iya yi da kuɗi kaɗan.

Kammalawa

Mun ga cewa tafiyar mil 25 a gaɓar Sudan lissafi ce da ake gamawa kafin a kwance igiya: nawa jirgi zai ɗauka, yaushe iska za ta tashi, awa nawa tafiyar maciji za ta ci, kuma ina rana za ta kasance a lokacin shiga ƙofa. Na'urori sun sauƙaƙa aikin, amma ba su ɗauke wa matuƙi duban ruwa da idonsa ba. Ɗaliban kimiyya na makarantun Anka da Bukkuyum da Gummi suna iya gwada mafi yawan waɗannan ƙa'idoji da daro da gwangwani da tsakuwa, sa'an nan su je mashigi su auna kwalekwale na gaske. Wanda ya fahimci dalilin ƙa'ida ya fi saurin jiran sawu na biyu idan jirgi ya cika, domin sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.